Ajin share fagen jarrabawar Life in the UK da na shiga a Manchesta: abin da na samu da abin da bai yi min ba

Jama'a tun da na ci jarrabawar nan mutane uku suka kira ni suna tambaya wai wane aji na shiga, kuma ko ya cancanci kuɗin da aka biya, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ni ɗan Funtuwa ne, aikin jinya ya kawo ni Ingila, na cika shekara biyar na zo neman takardar zama na dindindin, kuma duk wanda yake kan wannan hanyar ya san ba yadda za ka yi sai ka bi ta kan wannan jarrabawar, ko zaman dindindin kake nema ko zama ɗan ƙasa gaba ɗaya, in dai ka kai shekara 18 kuma ba ka kai 65 ba.

Ga wanda bai san yadda take ba, tambaya 24 ce a kwamfuta kan tarihi da al'adu da tsarin mulkin Birtaniya, minti 45, sai ka ci 18 kafin a ce ka haye, wato kashi 75 cikin 100. Fam 50 ne kuɗinta kuma in ka faɗi sai ka sake biyan wani fam 50 ɗin, ba a yi maka ragi don ka taɓa zuwa. A shafin gwamnati kaɗai ake yin rajista, aƙalla kwana uku kafin ranar da kake so, kuma don Allah ku kula da wannan domin akwai shafukan da suke kwaikwayon na gwamnati su karɓi kuɗi fiye da kima. Tun 2005 aka fara ta ga masu neman zama 'yan ƙasa, a 2007 aka haɗa da masu neman zaman dindindin, littafin da ake ciro tambayoyin daga ciki kuma bugu na uku ne da aka fara aiki da shi a 2013. Tambayoyin kala huɗu ne, akwai gaskiya ko ƙarya, akwai zaɓi ɗaya cikin huɗu, akwai zaɓi biyu cikin huɗu, akwai kuma wanda za a ba ka jimla biyu a ce wacce ce daidai.

Da farko ban yi niyyar shiga wani aji ba. Na sayi littafin kusan fam 13, na sauke wata manhaja a waya mai tambayoyin gwaji, nace ai mu da muka yi haddar karatun jinya wannan ba komai bane. Sati uku ina yi a cikin bas da lokacin hutun dare a wurin aiki, sai na lura ina cin 20 ko 21 a manhajar amma in na rufe waya aka tambaye ni abu ɗaya da wasu kalmomi daban sai in rasa amsa, domin wurin da amsar take a allon wayar na haddace ba ma'anar ba. Ga shi kuma manhajar tana da tambayoyin da amsarsu ta saɓa da littafin, na kama guda huɗu da idona, na rubuta musu ba wanda ya amsa, tallace-tallace kuwa bayan kowace tambaya biyar sai an saka maka. Wata abokiyar aikina 'yar Gana ce tace min akwai wani dattijo Bature da yake koyarwa ranar Asabar a wani zauren unguwa, ita a wurinsa ta yi kuma sau ɗaya ta zauna ta ci.

Fam 60 ne sati shida, awa biyu da rabi kowace Asabar daga ƙarfe goma na safe, da shayi da biskit a ciki. Mu goma sha ɗaya ne a zagayen da na shiga, akwai 'yan Pakistan, akwai mata biyu 'yan Sudan, ɗan Iritiriya, 'yan Filifin biyu, wani Bayerabe direban bas, sai ni. Malamin zai haura shekara saba'in, yace shekaru da yawa yana riƙe da mashaya kafin ya rufe ta ya koma koyar da manya, kuma ba zan ɓoye ba da na ji haka sai da gabana ya ɗan faɗi nace to me tsohon mai sayar da giya zai koya min. Allah ya sa ban tashi na fita ba.

Yadda yake koyarwa shi ne abin da kuɗin ya saya. Ba ya karanta maka littafi, ya san kowa yana da shi a gida. Wata doguwar igiya ya ɗaura daga wannan bango zuwa wancan, ya kawo 'yan matsen shanya da katuna, kowane kati da shekara ko suna, sai ya raba mana yace kowa ya tashi ya maƙala nasa inda ya dace. 1066 yaƙin Hastings, 1215 yarjejeniyar Magna Carta da aka tilasta wa Sarki John, 1666 babbar gobarar Landan, 1707 haɗewar Ingila da Sikotland, 1918 matan da suka haura shekara 30 suka samu damar zaɓe, 1928 aka mayar 21 daidai da maza, 1948 aka kafa hukumar lafiya ta NHS. In ka maƙala ba daidai ba ba zai ce maka komai ba, sauran 'yan aji ne za su yi ta gardama har a gyara, kuma wallahi abin da aka yi gardama a kansa ba ya fita daga kai. Har yau in aka ce 1707 ina ganin inda katin yake kusa da taga, hannun ɗan Iritiriyar nan yana matsar da shi.

Sannan yana haɗa abin da ke takarda da garin da muke zaune. Da muka zo kan Emmeline Pankhurst, matar da ta jagoranci fafutukar ba mata damar zaɓe, yace mana ai 'yar Manchesta ce kuma gidan da ta zauna yana nan a titin Nelson dab da babban asibiti, duk wanda ya wuce ta nan ya tsaya ya kalle shi. Ni da na sha wucewa ta wannan layin ban taɓa ɗaga kai ba. Da muka zo juyin masana'antu da masaƙun auduga kuwa ni ne na ɗaga hannu nace masa Baba, a garinmu akwai injin gurzar auduga da ake kira BCGA har unguwar ma da sunan ake kiranta, sai ya tsaya yana kallona yace ai BCGA sunan ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya ne, a nan Manchesta aka kafa ta a 1902 don nemo wa masaƙun yankin Lankasha auduga daga ƙasashen da Birtaniya ta mallaka. Wato audugar da kakannina suka noma suka kai kan sikeli a Funtuwa da Zariya nan ake nufin kawo ta. Wannan ba ya cikin jarrabawa kuma ba zai ƙara maka maki ko ɗaya ba, amma ranar na koma gida ina kallon tsofaffin gine-ginen jan bulo ɗin nan da wani ido daban.

Tunda na kira shi Baba ranar nan sai duk ajin suka ɗauka, shi ma ya tambayi ma'anarsa ya karɓa.

To yanzu maganar wasannin mashaya, wanda shi ne abin da ya bambanta wannan ajin da duk wani da na ji labari. A sati na huɗu muka zo babin al'adu da nishaɗi, inda littafin yake bayanin mashaya, cewa wurin haɗuwar mutanen unguwa ne, sai ka kai 18 za a sayar maka da giya, ana gasar kacici-kacici a ciki, sannan a layi ɗaya tak yace wasannin gargajiya na mashaya su ne ful da dats. Ful shi ne ɗan'uwan sunuka da muke gani a gida a teburi mai ramuka shida, dats kuma jifan allo mai zagaye da 'yan ƙananan kibau. Baba yace mu rubuta wannan amsar mu haddace ta domin in tambayar ta fito ita ake so, ful da dats, kada wanda ya yi wayo ya zaɓi wani abu. Da muka rubuta sai ya cire tabarau yace to yanzu ku rufe littafi in gaya muku gaskiya, ful daga Amurka ya samo asali kuma sai wajejen shekarun 1970 ya cika mashayun ƙasar nan, shi da idonsa ya ga lokacin da ake fitar da tsofaffin wasanni ana shigo da teburan ful masu cin kwabbai domin sun fi kawo kuɗi.

Sati na gaba sai ga shi da kaya a bayan mota. Daga ranar rabin awa na ƙarshe ya zama na wasa ga wanda yake so, wanda ba ya so ya tafi abinsa, ba giya ba caca ba ko kwabo a tsakani, a zauren unguwa muke da shayinmu.

Na farko da ya fito da shi wani allon katako ne mai santsi kamar madubi, an ja masa layuka a kwance sun raba shi gida tara, da wasu tsofaffin kuɗi guda biyar da suka sha hannu har hoton jikinsu ya kusa gogewa. Sunansa shob-hefni, ma'ana tura rabin kwabo. Kana ɗora kuɗin a bakin allon ya ɗan leƙo waje sai ka buge shi da tudun tafin hannu ya zame, abin da ake so ya tsaya cak a tsakiyar gida bai taɓa layi ba, kuma sai ka saka sau uku a kowane gida cikin taran kafin ka ci, ana maki da alli a gefe. Yace a da in mutum ya ɗora kofinsa a kan wannan allon sai an kore shi daga mashayar, kowane gida da sirrin yadda suke goge nasu. Da na ɗauki kuɗin na juya shi sai na tuna kakata da take lissafi da anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule har ta rasu bata yarda da naira ba, ɗari ai shi ne rabin kwabo, sisin kwabo kenan. Na gaya wa Baba mu ma da fam da sule muka yi amfani har 1973 da aka kawo naira, yace su a 1971 suka bar tsohon lissafin, rabin kwabon ma tun 1969 aka daina karɓarsa, sai a kan wannan allon kawai ya rage yana aiki. Hannu mai sanyi wasan yake so, matan Sudan ɗin nan biyu su suka fi kowa iyawa tun ranar farko.

Ya kawo allon dats iri biyu. Na zamani wanda ake gani a talabijin, ana rataye shi tsakiyarsa ta kai mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa ya tsaya mita 2.37 daga allon, kowa ya fara da maki 501 yana ragewa har sifili kuma dole jifan ƙarshe ya faɗa zoben waje mai ninka maki biyu ko tsakiyar allon cak. Kibiya uku in duk suka shiga ɗan gidan da ke ninka 20 sau uku shi ne 180, mafi girman abin da ake samu a zagaye ɗaya, shi ne wanda kuke jin mai sanarwa yana jan murya a kai. Yaran yanzu duk sun san wasan saboda Luke Littler ɗan Warrington da ya ci kofin duniya a Janairun 2025 yana shekara 17. Ɗaya allon kuwa ƙarami ne baƙi, guntun gungumen itace aka yanka, babu zoben ninki uku a jikinsa kuma lambobin ba a jere suke kamar na zamani ba, yace wannan na Manchesta ne na asali, kuma in an gama wasa a ruwa ake jiƙa shi ya kwana domin in ya bushe tsagewa yake. Yace shekara da shekaru aikinsa na ƙarshe kafin ya kashe fitila kenan, ya cire allo ya kai shi cikin ruwa. Da yake faɗin haka muryarsa ta canza, ya ɗan yi shiru yana shafa itacen, mu ma duk muka yi shiru.

Akwai waɗanda bai iya kawowa ba sai labari da hotuna. Sikitil na yammacin Ingila inda ake jera sanduna tara a ƙarshen wani dogon lungu a mirgino ƙwallon katako, da ƙaraminsa na kan teburi da ake ɗaure ƙwallon da sarƙa a jikin sanda a lilo shi ya zagayo ya kwashe su. Akwai na yankin Oksfod da ake ɗora wata 'yar farar kututture a kan ƙarfe a jefe ta da sanduna shida. Akwai kiribej na karta da ake lissafin maki da 'yan tsinke a allo mai huji har 121, da domino da tsofaffi suke bugawa a teburi da ƙarfi. Abin da na fahimta daga bakinsa kowane yanki da nasa wasan da nasa ƙa'idar, ka matsa mil talatin sai ka tarar da wani abu daban, kuma ƙungiyoyin unguwa suna zuwa gidan juna gasa a daren mako, a nan ake sanin wanda ya rasa aiki da wanda matarsa ba lafiya. Duk wannan littafin ya dunƙule shi a kalma biyu.

Wanda ya kama ni ni kaina shi ne na ƙarshe. Wani allo mai murabba'i uku ɗaya cikin ɗaya da layuka sun haɗa su, mahaɗa 24, kowa da 'ya'ya tara, suna kiransa moris. Kuna sakawa ɗaya bayan ɗaya, in an gama sakawa a fara matsawa, duk wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin wasansa ɗaya. Kafin ya gama bayani nace Baba wannan ai dara ce. Nan take na ga ƙofar gidanmu bayan la'asar, kakana da abokansa a gindin dalbejiya sun tona ramuka talatin a ƙasa, biyar a shida, wannan da karare goma sha biyu wancan da duwatsu goma sha biyu, mu yara muna tsugune a gefe ba mai ikon tsoma baki, in wani ya shirya gidan da duk matsawa ɗaya sai ya ci sai ka ji ana tafa hannu ana wa wanda aka kama dariya har a kira magariba a share ramukan da ƙafa. Shekara nawa ban tuna wannan ba. Su a mashaya da kofin giya, mu a gindin bishiya da goro da buta a gefe, ban ce abu ɗaya bane kuma har gobe ba na shiga mashaya, amma abin da yake zaunar da dattawa wuri ɗaya su yi ta jera uku suna zolayar juna na gane shi sarai.

Wani daga cikin 'yan ajin bai ji daɗin wannan ɓangaren ba, yace shi kuɗin jarrabawa ya biya ba na wasan 'yan giya ba, yana tafiya da zarar an rufe littafi kuma ba wanda ya hana shi ko ya yi masa wani kallo. Ina ganin yana da hakkinsa. Ni dai a nawa ganin tunda ba caca ba giya ba a kuma shiga lokacin darasi ko na sallah ba, ban ga aibu ba, kuma a wannan rabin awar ne na fi yin Turanci da baki fiye da duk sauran lokacin, wanda ya taimake ni domin akwai sharaɗin iya Turanci daban da ake nema bayan wannan jarrabawar.

Yanzu abubuwan da ba su yi min ba, domin akwai su.

Zauren akwai sanyi, na'urar ɗumama ɗaki ɗaya ce take aiki kuma a watan Nuwamba muka yi, da riga mai kauri muke zama har a tashi, wanda zai je ya shirya. Takardun da yake rabawa kwafi ne na kwafi, wasu layukan sun dushe sai ka koma littafi ka duba. Baba yana da saurin magana da harshen mutanen arewacin Ingila, wanda bai daɗe da sabawa da su ba zai sha wahala a satin farko, ko da yake in ka ce ya maimaita yana maimaitawa ba ya ƙosawa. Ba ya son kwamfuta ko kaɗan, duk gwajin da muka yi a takarda ne, alhali jarrabawar a kwamfuta ake yi, akwai wata dattijuwa a cikinmu da bata saba riƙe linzamin kwamfuta ba kuma ba a taɓa gwada mata ba sai mu muka zauna da ita a laburare. Wannan babban giɓi ne a aji irin wannan, kwamfuta ɗaya ma da ta isa. Sannan yana da sakin layi, in labari ya ɗauke shi sai a cinye minti ashirin a kan abin da ba zai fito ba, shi yasa babin gwamnati da shari'a, wanda yake da tambayoyi masu rikitarwa kan majalisun Sikotland da Wels da Ireland ta Arewa da bambancin kotunansu, a gurguje muka yi shi a satin ƙarshe. Ni a gida na cike wannan da kaina. Babu wurin ajiye yara, kuma in aikinka ya faɗo ranar Asabar ka rasa darasin kenan ba a maimaitawa, na rasa ɗaya haka.

Wani abu kuma da ba laifin ajin bane amma ya kamata wanda zai karanta littafin ya sani, musamman mu da Turawan nan suka mulka. Yadda aka ba da labarin daular Birtaniya da ƙarewarta a taƙaice yake kuma an lallaɓa shi, ba za ka ga Gwamna Lugga ba, ba za ka ga abin da ya faru a Kano da Sakkwato a 1903 ba balle Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. A 2020 masana tarihi da yawa a ƙasar sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna sukar yadda littafin ya kawo batun bauta da ƙarshen mulkin mallaka, kuma tun kafin nan wani farfesa a jami'ar Durham, Thom Brooks, wanda shi ma baƙo ne ya zauna jarrabawar, ya kwatanta ta da kacici-kacicin mashaya mara kyau. Da na tayar da maganar a aji Baba bai kare littafin ba bai kuma kauce ba, yace ka ba su amsar da suke so a ranar jarrabawa, abin da ka sani game da kakanninka kuma ka riƙe shi ka gaya wa 'ya'yanka, sannan ya ba ni minti biyar in gaya wa ajin labarin Burmi. Matan Sudan suka kawo nasu na yaƙin Omdurman, 'yan Pakistan suka kawo rabuwar Indiya da Pakistan a 1947. Na girmama shi a kan wannan.

Ranar jarrabawa na isa da wuri, suka duba katin shaidata suka tabbatar sunan ya yi daidai harafi da harafi da wanda na yi rajista da shi, ku kula da wannan sosai mu masu suna uku da ake juya su, suka ɗauki hoto, waya da agogo da komai a akwati, aka duba aljihu da kunnuwa. Cikin minti goma sha biyu na gama na sake bi sau biyu. An tambaye ni ranar waliyyin Wels, 1 ga Maris, an tambayi wanda ya buɗe gidan cin abincin Indiya na farko a Landan a 1810, Sake Dean Mahomet, akwai biyu kan majalisa da na yi dogon tunani a kansu. Tambayar wasannin mashaya bata fito min ba, amma ta fito wa Bayeraben nan abokina, ya kira ni daga tashar bas yana dariya yace ful da dats ya danna yana tuna fuskar Baba. A cikin mu goma sha ɗaya, tara da na san labarinsu sun ci a zama na farko, ciki har da dattijuwar nan.

Ga wanda karatu bai yi masa wuya kuma yana da horon zama shi kaɗai, littafin da tambayoyin gwaji masu kyau sun isa, ba sai ya kashe fam 60 ba, musamman da yake kuɗin takardar zaman dindindin kanta ya kai wajen fam dubu uku kowane kwabo yana da wurin zuwa. Wanda kuwa shekarun suke cakuɗe masa, ko ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, ko ya shekara biyar a ƙasar nan daga aiki sai gida sai masallaci bai taɓa zama da ɗan ƙasa sun yi hira ta awa guda ba, to fam 60 ɗin bai kai kuɗin faɗuwa sau biyu ba kuma zai fita da abin da ya fi takardar. In maki zan bayar huɗu cikin biyar ne, ɗayan na cire shi saboda rashin kwamfuta da babin shari'a da aka yi a guje.

Na gama ajin amma ban daina zuwa rabin awar ƙarshen ba in ba ni da aiki. Na rasa inda zan tona rami a zauren mutane, sai na lura kiret ɗin ƙwai na kwali ramuka talatin ne cif, biyar a shida, na kai shi da ƙwallayen dabino goma sha biyu da marafan kwalba goma sha biyu na koya wa Baba dara. Abin da yake ba shi wahala har yanzu shi ne a dara ba a jera uku lokacin sakawa kuma huɗu a layi ba ci bane, hannunsa ya saba da moris. Asabar ɗin da ta wuce ya cinye ni wasa ɗaya cikin huɗu, ya sa alli ya rubuta a gefen allon shob-hefni ɗinsa yace kada wanda ya goge.